Taliya, tumatir da madara: tarihin faranti ɗaya a Kaduna

A gidajen cin abinci na Unguwar Rimi da Malali akwai wani girki da ya samu karɓuwa a 'yan shekarun nan: taliya da aka juya cikin miyar tumatir mai kirim, launinta tsakanin ja da ruwan hoda. Ana yi mata kallon baƙuwa, alhali alkama da tumatir da madara kowannensu yana da tarihi a ƙasar Hausa. Wanda ya bi sawun tarihin nan zai ga inda amfanin farantin yake, da kuma ƙofar da illarsa ta shigo.

Alkama tsohuwar baƙuwa ce. Sunanta daga Larabci yake, kuma an daɗe ana nomanta da rani a fadamu. Da ita ake alkaki da gurasa da finkaso da taliyar murji, abincin biki da na masu hali, daga garin da ba a raba shi da dukan dusarsa ba. Sauyi ya zo da manyan injinan niƙa. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, farar fulawa ta alkamar waje ta cika kasuwa. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, amma aka ɗage hanin a 1992, domin noman gida bai ƙosar da baki ba. Injin yana cire dusa da ƙwayar tsiro, inda harza da yawancin bitamin suke. Tun 2002 doka ta tilasta ƙara bitamin A a fulawa, sai dai harzar da ke rage saurin hawan sukari a jini ba ta dawowa.

Tumatir kuwa asalinsa Kudancin Amurka ne. Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, kuma ko a Italiya ya daɗe kafin ya haɗu da taliya: ɗaya daga cikin bayanan farko na wannan girki yana littafin Ippolito Cavalcanti na birnin Naples, na 1839. A nan gida, kuka da kuɓewa da kabewa da daddawa ne ginshiƙan miya kafin jar miya ta mamaye tukwane. Madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974, ta buɗe noman rani a Kadawa, tumatir ya wadata. A watan Mayu na 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, sai da gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Abin da kakanni ba su damu da shi ba ya zama abin da gida ba ya girki sai da shi.

Shi ne kuma mafi alheri a farantin. Sinadarin laikofin, mai ba shi jan launi, jiki ya fi tsotsarsa idan an dafa tumatirin da ɗan mai, ko da yake dogon dahuwa yana rage bitamin C. Na leda da na gwangwani ma yana da laikofin, amma wasu ana ƙara musu gishiri ko sukari ko sitaci, don haka a riƙa karanta rubutun jikinsu.

Madara ta fi su daɗewa. Nono da kindirmo da man shanu na matan Fulani sun riga birnin Kaduna kansa, wanda ya zama hedikwatar Arewa a 1917. Madarar gwangwani ta Peak ta shigo Najeriya a 1954. Zuba kirim a miyar tumatir kuwa sabon yayi ne ko a Turai, ya bazu ne a shekarun 1970 da 1980 a Italiya da Amurka. A nan lissafin yake canzawa. Madarar shanu tana da kitse kashi 3 zuwa 4 cikin 100, kirim mai kauri kuwa ya kai kashi 35. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kada gishiri ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Busasshiyar taliya giram 100 ta kai kalori 350 tun kafin a zuba komai. A ƙara kirim da cuku da dunƙule biyu, wanda kusan rabinsa gishiri ne, a ajiye lemon kwalba a gefe. Ga ma'aikacin da ya wuni a kujera, wannan hanya ce zuwa hawan jini da ciwon suga idan ta zama ta kullum.

Gyaran bai buƙatar a bar farantin. A rage taliyar, a sauke ta kafin ta yi luguf, domin mai ɗan tauri ta fi jinkirin zama sukari a jini. A yawaita tumatir, a sa kindirmo a madadin kirim bayan an sauke tukunya don kada ya tsinke. Daddawa za ta rage buƙatar dunƙule, alayyafo ko zogale su maido da harza, kifi ko wake su kawo furotin. Yawancin waɗannan ana samunsu a kasuwar Kawo ranar Talata.