'Yandoto: Birnin da Sunansa Ya Fi Ganuwarsa Daɗewa

Matafiyin da ya bar Gusau ya nufi Funtuwa zai ratsa ƙasar Tsafe, ya wuce 'Yandoton Daji ba tare da wani abu ya tsayar da idonsa ba. Ƙauye ne kamar sauran ƙauyuka. Amma a wannan yanki ne birnin 'Yandoto ya taɓa tsayawa, lokacin da yake cikin ƙasar Katsina, yana kuma cikin manyan cibiyoyin ilimi na ƙasar Hausa.

Tarihin baka na Katsina ya ce daga 'Yandoto Muhammadu Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau ya karɓe sarauta daga hannun Durɓawa, kuma shi ake lissafawa sarki Musulmi na farko a Katsina, a ƙarni na 15. Daga baya garin ya shahara da malamai da almajirai masu zuwa ɗaukar karatu daga nesa.

Ilimin da ya ɗaukaka 'Yandoto shi ne kuma ya jawo mata faɗuwa. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, da yawa daga malaman garin ba su amsa kiran ba, domin suna ganin su ma masu hujja ne. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna, aka ci garin, jama'a suka watse. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu, shi ya kafa Gusau, kuma har yau sarautarta ita ce Sarkin Katsinan Gusau. Sarkin Tsafe kuwa 'Yandoton Tsafe ake ce masa. Tsohon birnin ya zama kufai, amma sunansa da na Katsina sun tsira a bakin fadawa.

Me ya sa gine-ginen ba su tsira haka ba? Ginin ƙasa da hannun mutum yake rayuwa. Ganuwa da soro da masallaci duk suna bukatar yaɓe bayan damina. Idan mutane suka tashi, ruwan sama zai zaizaye katanga, gara ta cinye azara, manomi ya shigo da garma. Dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu yana nan daram domin ba ya jiran gyaran kowa. Tubali kuwa sai da gayya.

Wannan ba zancen da kawai ba ne. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau sai cika take yi da siminti, yayin da rashin tsaro ke korar mutane daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu. Kowane gari aka bari, damina kaɗan ta ishe shi. Dattawan da suka san inda ƙofa take, da marina, da maƙabartar malamai, suna raguwa. Mai waya a aljihu, in yana da kaka a raye, ya zauna ya naɗi maganarta tun tana iya nuna wurin da yatsa.