Tarihin Karatun Yara Ta Hanyar Wasa

Jama'a, sau da yawa a nan Sabo mukan ji iyaye suna kukan cewa sun biya kuɗin nazire amma yaro wasa kawai yake yi. Har wasu kan cire ɗansu su kai shi inda za a ɗora wa ɗan shekara 3 aikin gida. To, kafin mu yanke hukunci, bari mu ga inda abin ya samo asali.

A shekarar 1837 wani malami Bajamushe mai suna Firobel ya buɗe wurin wasan yara a garin Bad Bilankenbag, a 1840 ya sa masa suna lambun yara. Kayan aikinsa su ne ƙwallo, guntayen katako, waƙa da shuka. A ganinsa yaro tamkar tsiro ne, ba a jan sa da ƙarfi don ya girma. Gwamnatin Furushiya ta hana waɗannan makarantu a 1851, sai a 1860 aka ɗage hanin, bayan rasuwarsa.

A 1907 kuma wata likita, Mariya Montesori, ta tara 'ya'yan leburori a unguwar talakawa a birnin Rum. Ta sa aka yi musu kujeru daidai tsayinsu, ta yanka haruffa da takarda mai kaushi, yaro yana shafawa da yatsa kafin ya riƙe alƙalami. Ku lura, da 'ya'yan talakawa aka fara, ba na attajirai ba.

Tun kafin su, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ja hankali a littafinsa Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa in ya tashi daga makaranta, domin hana shi yana dusar da basirarsa, ya sa ya tsani karatu.

A ƙasarmu ma, manufar ilimi ta 1977 ta ce wasa shi ne babbar hanyar koyar da 'yan nazire, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 kuma ta sa karatun ƙananan yara cikin tsarinta.

Mu kanmu ina muka koyi ƙirga kafin mu shiga kasuwa? A carafke da dara. Hausa kuwa a tatsuniya, kacici-kacici da gaɗa muka tsince ta. Yau 'ya'yanmu suna tashi tsakanin Yarbanci da Turanci, filin wasa ya zama shaguna, tatsuniya ta yi ƙaranci. In makaranta ma ta hana su wasa, ina za su samu?

Saboda haka muna kira ga masu Islamiyyu da nazire na unguwarmu su ware lokacin wasa mai tsari, da yashi, duwatsun ƙirga da tatsuniya cikin Hausa. Mu iyaye kuma mu daina auna malami da yawan shafin da yaro ya cika. Mu tambayi yaron abin da ya gane. Allah Ya raya mana su, amin.