Masu Gida da Baƙi: Tarihin Tseren Kambin Lig ɗin Najeriya Daga Ƙofar Sabon Ibadan

Unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawan Ibadan a 1916 a zamanin mulkin Turawa, tana maƙwabtaka da Mokola da kuma filin Adamasingba, tsohon filin sukuwar dawaki da aka mayar filin wasanni a 1988, wanda daga baya aka raɗa masa sunan Lekan Salami, mutumin da ya yi wa ƙungiyar Shooting Stars hidima har ƙarshen rayuwarsa. Wannan kusanci ya ba mazauna Sabo wani matsayi da ba kasafai ake samun irinsa a tarihin ƙwallon ƙafar Najeriya ba, domin ƙungiyar da ta fi kowace ɗaukaka a ƙasar Yarabawa a bakin ƙofarsu take wasa, alhali kuwa harshensu da cinikinsu da danginsu suna ɗaure da Kano da Katsina da Sakkwato, inda ake da wasu ƙungiyoyin da kan zo Badun, kamar yadda Hausawa ke kiran garin, a matsayin baƙi.

Gasar lig, wato tsarin da kowace ƙungiya ke karawa da kowace sau biyu a kaka guda, sau ɗaya a filinta sau ɗaya a filin abokiyar karawarta, ba ta fara a matakin ƙasa ba sai a 1972. Kafin nan abin da ake ji da shi shi ne kofin da aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna, wanda daga baya ya koma Kofin Ƙalubale, kuma shi gasar sili-ɗaya-ƙwale ne, ma'ana duk wanda aka doke ya fita ke nan. Kano ta ɗauki wannan kofi a 1953, Ibadan kuma ta ɗauke shi a 1959 da 1961. Bambancin tsarin biyu ba ƙarami ba ne: kofi yana iya faɗawa hannun ƙungiyar da ta yi sa'ar wasanni biyar ko shida, amma lig yana auna juriya ta watanni, yana auna zurfin aljihun mai ƙungiya, yana kuma auna wani abu da masu sharhi daga nesa ba su cika lissafawa ba, wato iya tafiya. Ƙungiyar da ta taso daga Kano zuwa Ibadan ta ci fiye da kilomita 800 a mota, ta kwana a masauki mai arha, sa'annan ta shiga fili washegari gaban jama'ar da ba ta da niyyar yi mata adalci.

Mutumin Sabo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, domin tattalin arzikin unguwarsa an gina shi ne a kan dangantakar mai gida da baƙo. Kamar yadda masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969, bayan ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, mai gida a Sabo shi ne wanda ke saukar da falken da ya kawo shanu daga Arewa ko ya zo sayen goro, ya ba shi makwanci da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa lamuni idan mahauta suka ɗauki shanu bashi. A wannan tsari mutuncin mai gida yana rataye ne a kan kada baƙonsa ya koma da asara. A filin ƙwallon Najeriya kuwa an juya ma'anar kalmar gaba ɗaya, ta yadda mai gida shi ne wanda ba ya barin baƙo ya fita da ko maki ɗaya, kuma daga wannan juyi ne kusan dukkan tarihin tseren kambi ya samo siffarsa.

Kakar farko ta 1972 Mighty Jets ta Jos ce ta lashe ta, ƙungiyar Alhaji Isiyaku Ibrahim mai 'yan wasa irin su Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo. Daga nan har zuwa 1984 kambin ya riƙa kewayawa ne tsakanin Rangers ta Inugu da Bendel Insurance ta Benin da Shooting Stars, in ban da 1978, lokacin da Raccah Rovers ta Kano ta kutsa kai ta ɗauke shi. Ita Shooting Stars asalinta ƙungiyar hukumar raya Jihar Yamma ce, WNDC, wadda ta ci Kofin Ƙalubale a 1971, daga baya ta koma ƙarƙashin kamfanin zuba jari da lamuni na gwamnati, IICC, sunan da dattawan Ibadan ke kiranta da shi har yau. A 1976 ta haɗa abu biyu: ta ci lig, ta kuma doke Tonnerre Yawunde ta ƙasar Kamaru ta ɗauki kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙasarsu, wanda shi ne kofin nahiya na farko da wata ƙungiyar Najeriya ta taɓa kawowa gida. Segun Odegbami a gefen dama, Muda Lawal a tsakiya, Best Ogedegbe a raga, su ne ƙashin bayan wannan tawaga, kuma su ukun suna cikin waɗanda suka ci wa Najeriya Kofin Nahiyar Afirka a 1980, inda Odegbami ya zura biyu, Lawal ya zura ɗaya a ragar Aljeriya a wasan ƙarshe. A wannan shekarar ma IICC ta sake cin lig, ta kuma ƙara a 1983.

Hamayyar IICC da Rangers ita ce ta ba wannan zamani zafinsa, kuma ba a iya raba ta da siyasar bayan yaƙin basasa, domin Rangers, wadda aka kafa a 1970, ta zama tutar da 'yan ƙabilar Ibo suka ɗaga bayan an ajiye makamai, IICC kuwa ta zama ta Yarabawa. Da ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a 1977, bayan sun tashi babu ci a Legas, hankula sun tashi har aka ɗauke karawa ta biyu aka kai filin Ahmadu Bello na Kaduna, inda aka sake tashi canjaras, Rangers ta yi nasara a bugun fenareti. Abin lura a nan shi ne hukuma da kanta ta amince cewa wurin da aka buga wasa yana iya yanke hukuncinsa, sai ta nemi garin da dukkan ɓangarorin biyu baƙi ne a cikinsa, kuma Arewa ce ta zama wannan gari.

Hanyar da shanu da goro ke bi tsakanin Arewa da Ibadan ita ce 'yan wasa ma suka bi, kuma wannan ɓangare ne da tarihin da ake rubutawa daga Legas kan tsallake. Felix Owolabi ya buga wa Raccah Rovers a Kano kafin ya koma IICC a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma daɗe har ya kasance cikin tawagar da ta ci kofin CAF a 1992. Rashidi Yekini, wanda aka haifa a Kaduna, ya fara ne da ƙungiyar masaƙar UNTL a can, sa'annan ya zo Ibadan a farkon shekarun 1980, ya kasance cikin waɗanda suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, wanda Zamalek ta Masar ta cinye gida da waje. A Ibadan ɗin ya koma da zama bayan ya gama yawonsa a Abijan da Fotugal da wasu ƙasashe, a nan kuma ya yi ƙarshen rayuwarsa a 2012. Irin waɗannan 'yan wasa, Yarabawa da suka girma a Arewa, su ne kishiyar hoton ɗan Sabo, Bahaushen da aka haifa a Ibadan yana jin Yarabanci kamar ɗan unguwar Beere ko Oja'ba.

Kakar 1986 ta cancanci a tsaya a kanta, domin a wannan shekara kambin ya zo Ibadan amma ba ta hannun Shooting Stars ba. Leventis United, ƙungiyar kamfanin kasuwanci na Girkawa wadda John Mastoroudes ke jagoranta, ta taso daga rukuni na uku a 1984, ta haye na biyu a 1985, ta ci rukuni na ɗaya a 1986 ba tare da an doke ta ba, ta kuma haɗa da Kofin Ƙalubale. Sirrinta bai wuce abin da sauran ƙungiyoyi suka sani amma suka kasa yi ba, wato biyan albashi a kan kari, da kula da masauki da abincin 'yan wasa a kan hanya, abin da ya sa take buga wasan waje kamar tana gida. Ba ta daɗe ba kamfanin ya rushe ta, kuma wannan ya bar darasin da aka riƙa maimaitawa, cewa ƙungiyar kamfani tana rayuwa ne gwargwadon sha'awar mai ita, ta gwamnatin jiha kuwa ba ta mutuwa amma takan yi doguwar jinya.

An mayar da lig ɗin na ƙwararru a 1990, wato ɗan wasa ya daina zama ma'aikacin hukuma da ake ba hutu ya je ya buga ƙwallo, ya koma mai kwantiragi da ake saye ana sayarwa. A wannan shekarar ce aka kafa Kano Pillars ta hanyar haɗe wasu ƙungiyoyin Kano uku. Shooting Stars, wadda yanzu ake taƙaita sunanta da 3SC, ta yi tashe na biyu a wannan zango: ta zama ta farko da ta ci kofin CAF a 1992 bayan ta doke Nakivubo Villa ta Yuganda, ta haɗa lig da Kofin Ƙalubale a 1995, ta sake kai wa wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1996, inda ta ci Zamalek 2-1 a Ibadan, aka rama mata 2-1 a Alƙahira, ta faɗi a bugun fenareti. Kambinta na biyar ya zo a 1998.

Lissafin tseren kambi a wannan zamani mai sauƙi ne ga wanda ya san shi. Ƙungiyoyi 20 na nufin wasanni 38, guda 19 a gida, kuma da yake nasara maki uku ce, canjaras maki ɗaya, ƙungiyar da ta cinye dukkan wasanninta na gida tana da maki 57 tun kafin ta taka ƙafa waje. A kakanni da yawa zakara kan kammala ne da maki sittin da 'yan kai, wanda ke nuna cewa tazarar da ke tsakanin ɗaukar kofi da zama a tsakiyar teburi ba ta wuce nasara biyu ko uku a waje ba. Shi ya sa masu horarwa kan tafi wasan waje da nufin tsare raga kawai, a tara mutane a baya a ɓata lokaci, kuma maki ɗaya da aka samo a Aba ko Makurdi akan yi murnarsa fiye da ci uku a gida. Gajiyar hanya da bambancin yanayi da rashin kyan ciyawa suna da nasu kaso, amma ba gaskiya ba ne a ɗora musu komai, domin an daɗe ana ƙorafi a kan fenaretin da kan faɗo wa masu gida a mintunan ƙarshe, da alƙalan wasa da ke busa usur suna tunanin yadda za su fita daga fili lafiya, da kuma tsarin da a da ya ɗora wa mai masauki nauyin biyan kuɗin alawus ɗin alƙalai. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, kuma lig ɗin ya ɗauki wannan magana da gaske fiye da yadda ya kamata.

Babu ƙungiyar da ta ƙware a wannan lissafi kamar Kano Pillars, wadda takenta ma shi ne Sai Masu Gida. Daga 2003 zuwa watan Agusta na 2015, lokacin da Nasarawa United ta ci ta 2-1, ba a doke ta a wasan lig na gida ba, wasanni fiye da 200 ke nan a jere, kuma a cikin wannan tsakani ta ci kambi a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, sa'annan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014, da 'yan wasa irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad. Masu rage mata daraja kan ce filin Sani Abacha na Ƙofar Mata ne ya ci mata kofunan, amma wannan bai bayyana yadda ta fitar da Al Ahly a gasar zakarun Afirka ta 2009 ba, bayan ta je Alƙahira ta tashi 2-2, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wani abin da ya taimake ta, wanda ba ya fitowa a teburi, shi ne kusan kowane babban gari a Kudu yana da Sabo ko Zango, ta yadda in ta je waje takan tarar da wani sashe na 'yan kallo yana yi mata kirari da Hausa. A Ibadan wannan sashe kan fito ne daga Sabo da Sasa da sauran wuraren da Hausawa ke zaune, kuma a irin wannan rana mutumin da aka haifa taku kaɗan daga Adamasingba yakan zauna a ɓangaren baƙi yana kiran Masu Gida, kalmar da a wannan fili ta fi dacewa da waɗanda yake adawa da su.

Shekarun tashen Pillars su ne na faɗuwar 3SC, wadda ta sauka zuwa rukuni na biyu a 2006, ta sake sauka a 2013 da 2017, ba ta dawo daga ta ƙarshen ba sai a 2021, shekarar da gwamnatin Jihar Oyo ta sake buɗe filin Adamasingba bayan gyara. Ita ma Pillars ta ɗanɗani wannan ɗaci a 2022, bayan an zaftare mata maki saboda hargitsi a wasanninta na gida, ta dawo a 2023. A tsakanin nan kuma gidajen kallo masu tauraron ɗan'adam sun janye matasan Sabo da na ko'ina zuwa ga Arsenal da Chelsea da Real Madrid, har ya zama yaro yana iya lissafa 'yan benci na ƙungiyar Landan bai san wanda ke tsaron ragar ƙungiyar da ke tsallaken titinsu ba.

Akwai alamun cewa katangar gida ta fara tsagewa, domin nuna wasanni kai tsaye da hukuncin kwashe maki da korar ƙungiya daga filinta sun sa nasarar waje ta daina zama abin mamaki. Rivers United ta ci kambin 2022 da maki 77, adadin da ba ya samuwa sai da cin wasanni a waje, Remo Stars ta Ikenne kuma, ƙungiyar ɗan kasuwa Kunle Soname mai filinta na kanta, ta ci na 2025, wanda shi ne na farko da ya zo Kudu maso Yamma tun bayan na ƙungiyar Julius Berger a 2000. Ikenne ba ta kai tafiyar awa biyu daga Ibadan ba, kuma rabon Shooting Stars da kambin lig tun 1998, rabon Kano Pillars da shi tun 2014.