Yadda Sa Hannun Gwamna Ya Shiga Cinikin Gida

A birnin Kano na ƙarni na 19, cinikin gida ba ya buƙatar mutane da yawa. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi tayi, a yi albarka, a ƙara, har mai gida ya sallama. Maƙwabta su shaida, mai unguwa ya sani, in gardama ta taso a je gaban alƙali. Malamai sun san hukuncin ƙasa, har Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafinsa Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan fili. Shaidar mallaka tana zaune ne a ƙwaƙwalwar unguwa, wato wa ya gina, wa ya gada, ina iyakar katanga. Babu lauya a cikin wannan tsari, kuma babu gurbin da zai cika.

Gurbin ya samu ne daga baya, sa'ad da hukuma ta mai da kanta ta uku a kowane ciniki.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya bayyana cewa ikon da sarakuna ke da shi a kan ƙasa ya koma hannun wanda ya ci yaƙi. Wanda ya gaje shi, Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ɗan Kanada, shi ya ba maganar siffar doka. A 1908 wani kwamiti ya zauna a Landan a kan ƙasar Arewa, kuma ra'ayin jami'ai irin su Charles Temple ya yi tasiri a kansa ƙwarai. Temple yana cikin masu sha'awar koyarwar Henry George, Ba'amurken da ya ce bai kamata ƙasa ta zama hajar da mutum ɗaya zai mallaka yana cin ribarta ba. Daga nan dokar 1910 ta fito. Ta ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin kulawar gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, kuma abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani. An sake zana dokar a 1916, sannan gwamnatin Sardauna ta sabunta ta a 1962, ta ɗora ikon a hannun minista. A nan aka raba haƙƙin gida biyu: na gargajiya, wanda En'e ke kula da shi, da na doka, wanda ake ba shi takardar shaida, wadda yau kowa ke kira C of O.

Niyyar ba mummuna ba ce. An so a hana kamfanonin Turawa da attajirai saye gonakin talakawa. Amma tsarin ya haifar da duniya biyu a gari ɗaya. Kamfani ko baƙo mai fuloti a wajen ganuwa yana da takarda, da taswirar safiyo, da rajista bisa dokar rajistar takardun ƙasa ta 1924. Mutumin cikin birni yana da shaidunsa da mai unguwarsa. Lauya ya zauna a duniya ta farko kaɗai, domin a zamanin Turawa ba a yarda ya tsaya a kotun alƙali ba. Lauyoyin ma ba su da yawa. Sai a 1955 ne Arewa ta sami ɗanta na farko a wannan sana'a, Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori.

A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ɗauki wannan tsari na Arewa ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya baki ɗaya, da sunan Dokar Amfani da Ƙasa. Sashe na 1 ya damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamnanta. Sashe na 22, wanda shi ne ya fi shafar mai neman gida, ya haramta wa mai haƙƙin doka ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa filinsa ga wani sai da amincewar gwamna. Sashe na 26 ya ce cinikin da aka yi ba bisa dokar ba, ɓatacce ne. Domin kada wata gwamnatin farar hula ta soke ta cikin sauƙi, sojoji suka saka ta cikin tsarin mulkin 1979, kuma tana nan a sashe na 315 na tsarin mulkin 1999. Gyara ta yana buƙatar irin rinjayen da ake nema wajen gyara tsarin mulkin kansa.

Mutane suka ci gaba da ciniki yadda suka saba, har shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta farkar da su a 1989. Ajilo yana da gida a Legas tun kafin dokar. Bayan ta fara aiki ya jinginar da gidan ga banki don lamunin rance. Da biya ya gagara, bankin ya tashi sayar da gidan, sai Ajilo ya garzaya kotu yana cewa jinginar ba ta inganta ba, tunda ba a nemi amincewar gwamna ba. Bankin ya kafa hujja da cewa sharaɗin ya shafi waɗanda gwamna ya ba fili ne kawai, ban da waɗanda dokar ta tarar da abinsu a hannu. Kotun Ƙoli ta ƙi wannan fassara. Ta ce duk ɗaya ne, ta kuma rushe jinginar. Wanda ya yi jinginar, wanda kuma a wuyansa doka ta rataya neman amincewar, shi ya tsira da gidansa saboda sakacin kansa.

Hukuncin ya yi daidai da lafazin doka, amma ya bar bankuna cikin fargaba, kuma bankin da ke fargaba ba ya ba talaka rance. A 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta sassauta. Ta ce ba laifi a rubuta yarjejeniya a sa hannu tukuna, sai dai ba ta cika ba har gwamna ya amince. A 2007 kuwa, a shari'ar Union Bank da Ayodare, ta sake tsanantawa, inda ta rushe jingina saboda jami'in da ya sa hannu a takardar amincewar ba shi ne doka ta ba wannan iko ba. Mai saye ba shi da hanyar gane irin wannan aibi da idonsa. Takarda ce mai tambarin gwamnati, an biya mata kuɗi, amma a kotu ba ta da nauyi.

Daga waɗannan shari'o'i ne aikin lauyan gida ya ɗauki kamanninsa na yau. Kafin kuɗi su fita, yana zuwa ma'aikatar ƙasa da safiyo ya bincika fayil: sunan wa ke kan takardar, ko an riga an jinginar da ita, ko gwamnati ta soke haƙƙin, ko filin yana kan hanyar da za a fitar. Sannan ya rubuta takardar miƙa haƙƙi, ya nemi amincewar gwamna, a biya harajin kan sarki, a yi rajista. Mai son ɗauke jinginarsa daga wani banki zuwa wani yana bin hanyar sau biyu, domin sai bankin farko ya rubuta takardar sakin gidan an yi mata rajista, kana a nemi sabuwar amincewa ga na biyu. Dokar lauyoyi ta haramta wa wanda ba lauya ba ya rubuta takardar da ta shafi gida ko fili don a biya shi, kuma tun 2015 ake buƙatar hatimin ƙungiyar lauyoyi a kan irin waɗannan takardu. Duba wannan hatimi ita ce hanya mafi sauƙi ta rarrabe lauya da mai kwaikwayonsa.

Ita kanta C of O ba ta kashe kowace gardama. A shari'ar Ogunleye da Oni a 1990, Kotun Ƙoli ta ce in wani yana da haƙƙin da ya riga ta kuma ba a soke shi ba, takardar ba ta ba mai riƙe da ita komai. A Arewa wannan batu ya fi fitowa a gidan gado. Ɗaya daga cikin magada ya sayar kafin a raba, sauran su taso daga baya, wani ma ya nemi shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya na karɓe kason da aka sayar ya biya kuɗinsa. A shari'ar Alkamawa da Bello, wadda ta taso daga Sakkwato, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1998 cewa a mazhabar Malikiyya maƙwabci ba shi da shuf'a, sai abokin tarayya a abin da ba a raba ba. Don haka lauyan da ya san aikinsa a Kano ko Zariya ba ya tsayawa a fayil ɗin ma'aikata. Yakan nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ya ji ta bakin mai unguwa, ya ga cewa kowane magaji ya sa hannu. Ƙwaƙwalwar unguwa ba ta daina aiki ba, an dai ɗora mata wani bene a kai.

Mafi yawan gidaje a tsofaffin birane da sababbin unguwannin awon igiya har yanzu da takardar hannu suke sauya masu su, mai ɗauke da sunayen shaidu da hatimin mai unguwa. Tana da amfani a matsayin shaidar biyan kuɗi, kuma kotu kan kare wanda ya biya ya shiga gidan. Banki ne ba ya karɓarta. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yakan tarar cewa gidan da ƙarfinsa zai iya saye ba shi da irin takardar da ake ba da rance a kanta.

Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin da zai cire jingina daga abubuwan da ke buƙatar amincewar gwamna. Ya rasu a 2010 ƙudurin bai zama doka ba. Abin da ya sauya shi ne wurin ajiye fayil. Abuja ta kafa AGIS, Kano ta kafa KANGIS, Kaduna ta kafa KADGIS, aka mai da taswira da rajista cikin kwamfuta, bincike ya ɗan yi sauri. Sashe na 22 kuwa yana nan da lafazin da aka rubuta shi a 1978.