Motar da Ta Karkata Wajen Direba

A watan Disambar 1959, kamfanin BMW na Jamus ya kusa durƙushewa, har aka kawo shawarar miƙa shi ga Daimler-Benz. Masu hannun jari suka ƙi, Herbert Quandt kuma ya ƙara zuba kuɗi. Ciwon kamfanin a bayyane yake: yana ƙera 'yar mitsitsiyar Isetta mai ƙofa a gaba, da manyan motocin alfarma da kasuwarsu ta mutu, amma ba shi da motar matsakaicin ma'aikaci.

Maganin ya bayyana a baje kolin Frankfurt na 1961, wato BMW 1500. Jikinta miƙaƙƙe ne, ginshiƙanta sirara, gilasanta manya, ta yadda direba zai ga kowace kusurwa. A gindin ginshiƙin baya akwai wata 'yar lanƙwasa da har yau ake kira da sunan Wilhelm Hofmeister, shugaban sashen zane na lokacin. Daga wannan tsatso aka sami 2002 a 1968: ƙaramin jiki, inji mai lita 2, da tayoyin baya masu tura motar.

Sai dai babban sauyin a ciki ya faru. A 1975, 3 Series ta farko, wadda aka zana a ƙarƙashin Bafaranshe Paul Bracq, ta zo da tsakiyar dashbod a karkace wajen direba. Rediyo da maɓallan iska suka dawo inda hannu zai kai ba tare da ido ya bar titi ba, agogunan gaban sitiyari kuma suna haske ruwan lemo da dare. Fasinja ya zama baƙo, direba mai gida. A 1982 Mercedes ta shigo fagen da 190 ta Bruno Sacco, gasar ta kankama.

Yau allon taɓawa ya haɗiye yawancin maɓallan, kuma allo sai an dube shi kafin a taɓa. Kowane kallo kuwa daƙiƙu ne da aka sace wa titi. Shi ya sa Euro NCAP, mai auna amincin motoci a Turai, ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa la'akari da maɓallan zahiri na hon, sigina da waifa wajen ba da maki. Abin da aka ɗauka ado ne a 1975, ashe ka'idar tsare rai ce.