Yadda Celo Ya Tashi Daga Ɗan Rakiya Ya Zama Jagoran Kiɗa

Celo babban goge ne na Turawa mai tsirkiya huɗu da kakkaurar murya, wanda makaɗi ke riƙewa tsakanin ƙafafunsa yana zaune. An fara sassaƙa shi a arewacin Italiya a ƙarni na 16, kuma Andrea Amati na birnin Kiremona yana cikin masassaƙan farko.

A farkon zamanin Barok, wanda ya kama daga 1600 zuwa 1750, aikin celo rakiya ne kawai, cikin tsarin da ake kira kontinuwo. Mai tsara kiɗa yakan rubuta sautin ƙasa kaɗai, ya sa masa lambobi. Mai celo ya bi wannan sauti, shi kuwa mai harfsikod ko ogan, kayan kiɗa masu madannai irin na fiyano, ya dubi lambobin ya cike ragowar da basirarsa. Shi ya sa da wuya a kaɗa kiɗa ɗaya sau biyu ya fito iri ɗaya.

Tsirkiya ce ta hana celo shiga gaba. Da hanjin tumaki ake yin ta, kuma ba ta ba da murya mai kauri sai ta yi tsawo, don haka dole celon ya zama ƙato, yatsu ba sa iya gudu a kansa. Wajen 1660 aka fara naɗe tsirkiyar da siririyar waya, sai gajeriya ma ta riƙa ba da wannan murya. Girman celo ya ragu, hannu ya sami sakewa.

A birnin Bolonya aka fara cin moriyar wannan sauyi, a hannun makaɗan majami'ar San Petronio. Domenico Gabrielli ya tsara wa celo kaɗe-kaɗe na kansa a 1689, sannan Giuseppe Jacchini ya biyo baya da sonatoci, inda celo ke jan kiɗa, kontinuwo na mara masa baya. Yawanci sonata kashi huɗu ce: a fara a hankali, a yi sauri, a sassauta, a rufe da sauri.

Daga Italiya salon ya bazu. An buga sonatoci shida na Antonio Vivaldi a Faris a 1740, shida na Francesco Geminiani kuma a 1746. A Faransa celo ya tarar da biyol, gogen da fadawa suka fi so. Jean-Baptiste Barrière ya fitar da littattafai huɗu na sonatocin celo, har Hubert Le Blanc ya wallafa littafi a 1740 yana kare biyol, amma celo ne ya yi rinjaye.

Bayan 1750 kontinuwo ya fara ja da baya, domin masu tsara kiɗa sun koma rubuta kowane sauti dalla-dalla. A sonatoci biyu da Beethoven ya tsara a 1796, fiyano ya maye gurbin kontinuwo, ya zama abokin tafiyar celo kafaɗa da kafaɗa.