Kunya Biyu a Gefen Gona: Yadda Sabuwar Dabara ke Tsirowa a Wurin Manoman Ungogo

Tsakure

Maƙalar nan ta duba inda sabon tunani ke fitowa a cikin aikin yau da kullum, ta hanyar nazarin noman tudu a Ƙaramar Hukumar Ungogo ta Jihar Kano. Ta ja da masu ɗaukar manomi a matsayin mai jiran a kawo masa dabara daga waje. Abin da ta gano shi ne, ƙirƙira a wannan yanki ta dogara ne a kan ɗan gwajin da manomi zai iya jure asararsa, wanda kuma maƙwabta ke gani da idonsu.

Gabatarwa

Ungogo tana jingine da birnin Kano ta arewa, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutane sama da 360,000. Tsohon wurin zama ne. A Fanisau da ke cikinta, garin da ya kasance ribaɗi kuma matattarar gandayen sarauta, Baturen nan mai yawon bincike Hugh Clapperton ya gana da Sarkin Kano a 1824. A Ungogo ba a barin gona ta huta. Duk damina sai an nome ta, ga shi rabon gado yana ƙara tsuke ta. Ta yaya ƙasar da ake ci haka ba ta mutu ba, kuma a ina masu ita suka koyi sauya salo duk lokacin da zamani ya juya?

Bitar ayyukan da suka gabata

Nazarin ƙirƙira a ilimin halayyar ɗan Adam ya bunƙasa bayan jawabin J. P. Guilford na 1950, sannan Torrance ya fito da ma'auninsa a 1966. Ma'auni ne na takarda da fensir, don haka ba shi da abin cewa game da mai riƙe da fartanya. Mu wuce shi.

Wanda ya fi yi mana ɓarna shi ne tsarin Everett Rogers na 1962 kan yaɗuwar sababbin abubuwa. Ya kasa jama'a gida biyar, daga masu saurin karɓa zuwa 'yan baya-ga-dangi. A wannan lissafi, dabara tana tasowa daga tashar bincike, malamin gona ya ɗauko ta, manomi kuwa ya karɓa ko ya ƙi. Da irin wannan fahimta aka tafiyar da aikin malaman gona a shirye-shiryen da Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1980, har da na hukumar bunƙasa noma ta KNARDA a Kano. Manomin da ya ɗauki rabin shawara ya gauraya da tasa, sai a rubuta shi cikin waɗanda ba su gane ba, alhali a ganinmu shi ne ya fi kowa aiki da ƙwaƙwalwa a wurin. An ma daɗe ana kushe haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya, har sai da binciken David Norman a ƙauyukan Zariya ya nuna cewa haɗin yana rage kasada kuma yana biyan wahalar mai shi.

Mun fi kusa da Michael Mortimore, wanda tun 1965, tare da J. Wilson, ya bayyana noman karkarar Kano mai cunkoso, da Paul Richards (1985) da ya ɗauki manoman Afirka ta Yamma a matsayin masu gwaji. Sai dai idan aka bi Ester Boserup (1965) aka ce yawan jama'a ne ke tilasta sabuwar dabara, an bar giɓi. Matsi yana sa mutum neman mafita, amma bai gaya masa ta inda zai fara ba. Polly Hill (1977) ta nuna a Ɗorayi, cikin wannan karkara ta Kano, cewa cunkoson nan shi ne kuma ya bar magidanta da yawa cikin talaucin da ba su iya motsi.

Hanyar bincike

An sake karanta ayyukan da aka ambata, aka gwama su da lura a gonakin tudu na yankin daga lokacin kai taki har zuwa kaka, tare da hira da magidanta da matan gida.

Sakamako da tattaunawa

Idan sabon iri ya zo hannun manomi a nan, ko daga malamin gona, ko kasuwa, ko wani ɗan'uwa da ya dawo ci-rani, ba ya zuba shi a gona duka. Kunya biyu ko uku yake ware masa a gefe, sau da yawa ta wajen hanya. Sauran gonar tana nan da gero da dawa da waken da ya saba. In gwajin ya lalace, ɗan kwano ne ya tafi, rumbu bai ji ba. In ya yi kyau, duk mai wucewa ya gani, kuma kafin a yi roron wake wasu sun riga sun nemi a ajiye musu iri.

Wake shi ya fi fito da wannan a fili. Kanannado, waken gargajiya, yana yaɗo, yana jinkirin nuna, amma yana ba da harawa mai yawa. Ire-iren da tashar binciken noma ta IITA a Kano ta fitar suna nuna da wuri, ƙwayarsu ta fi yawa, sai dai galibi suna buƙatar feshi. Masu bincike sun ba da shawarar layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake. Abin da ake tararwa a gonaki ya sha bamban da zanen takarda: wani ya rage layukan wake don kada hatsin gida ya gaza, wani ya shuka mai saurin nuna da farko don ya sami na cefane a tsakiyar damina, sannan ya bi da kanannado a tsakanin gero domin dabbobi. Mai cike takardar “ya karɓa ko bai karɓa ba” zai rasa gurbin da zai saka waɗannan mutane.

Hukuncin gwajin ma ba a gona kaɗai ake yanke shi ba. Matan gida ne ke faɗin ko waken yana saurin dahuwa, ko yana tashi a ƙosai, ko bawonsa yana fita a wajen surfe. Tumaki da awakin da ke turke, waɗanda da yawa na mata ne, su ke nuna darajar harawar. Daga turken nan taki ke fita da rani, a kai shi gona a mangala ko a amalanke, a jibge shi tsibi-tsibi kafin saukar ruwa. Frances Harris ta auna wannan zagaye na harawa da dabba da taki a karkarar Kano a shekarun 1990, ta nuna yana cikin abin da ke riƙe ƙarfin ƙasar yankin. Saboda haka irin da ya ninka ƙwaya ya kashe harawa, ya ci riba a buhu ne ya ci bashi a ƙasa, kuma manomi yana wannan lissafi ko da bai rubuta ba.

Haka takin bola da ake kwasowa daga birni. A da toka ce da kashin dabbobi da sharar gida; yau leda da kwalba sun cika shi. Manomi yakan zuba sabon lodi a lungu guda tukuna, ya tsince ledar, ya ga yadda shuka za ta karɓe shi kafin ya sake saye a wurin mai motar.

Sharuɗɗa biyu ke nan suka bayyana: asarar da ba ta kai ga tukunya ba, da idon jama'a. Na farkon ne ke cikin haɗari. Unguwanni irin su Bachirawa da Rijiyar Zaki sun zama gari, ana ta yanka gonaki fuloti. Wanda ke noma gonar aro ko ta haya, bai san ko baɗi tana hannunsa ba, ba zai ɓata kunya biyu a kan abin da bai tabbata ba, balle ya zuba takin da amfaninsa ke ɗaukar shekaru. Duk shirin da ke son manoma su riƙa sabon tunani, gara ya raba iri a ƙananan ƙulli masu araha, nau'i daban-daban, a kan ya kafa babbar gonar nuni guda wadda ma'aikata ke kula da ita.

Iyakar binciken

Za a ce ba mu auna yawan amfanin kunyoyin gwaji da sikeli ba. Gaskiya ne, kuma mai son yi ga fili nan. Ba mu shiga lambunan bakin Jakara ba, inda noman rani da ruwan da ya fito daga birni ke da nasa lissafin. Sannan waɗanda suka fi sakin baki a hira masu gonar kansu ne, don haka muryar 'yan ƙodago ta yi ƙaranci a nan.